Yadda Ake Shirya Wasan Barkwanci na Talabijin Don Koya wa Yara Tarihi: Jagora ga Malaman Illela

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji a garin Illela, ya ɗauki alli ya rubuta shekarar 1804 a jikin allo, sa'an nan ya juyo ya tarar idanun almajiransa sun koma taga suna bin manyan motocin da ke ɗauke da albasa da shanu, ya san cewa ba ƙarancin abin faɗa ke wahalar da darasin tarihi a wannan gari ba, domin da wuya a sami wani wuri a ƙasar Hausa da manyan al'amura suka kewaye shi kamar nan. Ɗegel, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa, tana cikin ƙasar Gwadabawa maƙwabciyarmu. Gudu, inda ya yi hijira a watan Fabrairu na 1804, wato shekara ta 1218 bayan Hijirar Manzo, tana yamma da mu, kusa da Tafkin Kwatto inda aka gwabza yaƙi a watan Yuni na wannan shekara. Maratta, mahaifarsa, tana tsallaken iyaka wajen Galmi, ga kuma Birnin Ƙonni da yaro zai iya zuwa a bayan babur ya dawo kafin azahar. Abin da ya rage shi ne hanyar da za a bi a shigar da wannan ilmi zukatan yara, musamman tun da an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Nijeriya a wajen 2009, ba a yi bikin mayar da shi ba sai a 2022, har aka sami tsara guda da ta tashi ba ta san Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ba sai a bakin maroƙa.

Hanyar da wannan jagora za ta yi bayani a kanta ita ce ta gajerun wasannin barkwanci, waɗanda ake jerawa guda biyar ko shida a cikin shiri ɗaya na talabijin, kowanne yana ɗauke da mas'ala ɗaya ta tarihi. Mutanen Ingila sun gwada wannan tun 2009 a wani shiri na BBC mai suna Horrible Histories, wanda aka gina a kan littattafan Terry Deary, ya kuwa karɓu har manya suka riƙa zama tare da 'ya'yansu suna kallo. Sai dai ba mu da bukatar aron komai daga gare su in ban da tsarin aiki, saboda kwaikwayo don gyaran hali tsohon abu ne a wurinmu. Yaran da ke fita tashe daga goma ga watan azumi, wannan ya ɗaura gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya layu ya zama mai magani, gajeren wasan barkwanci suke yi, haka nan 'yan kama da ke kwaikwayon muryar mai wa'azi alhali zancensu duka na tuwo ne da miya. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa domin 'yan makaranta tun zamanin En'e. Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana sa Arewa dariya da Samanja a Kaduna, Ƙasimu Yero da Karambana. A Nijar kuwa an fara koyar da yaran firamare ta talabijin tun 1964, daga baya ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta mamaye gidajen jama'a da wasanninta na Hausa. Masu kallo a shirye suke, masu wasa ma akwai su. Abin da ba a cika haɗa su da shi ba shi ne tahƙiƙi.

Sharaɗi na farko, wanda in ya faɗi sauran duka sun faɗi, shi ne gaskiya. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa, amma ko cikin rahar ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba, wannan kuwa ya ishi mai wannan sana'a ya zama ma'auninsa. Ma'anarsa a aikace ita ce, kada marubuci ya ƙirƙiro abin dariya sa'an nan ya nemi tarihin da zai liƙa masa. Ya fara neman lamarin da ya tabbata, ya juya shi ta kowace fuska har ya gano inda abin mamaki yake a cikinsa, domin yaro yakan riƙe abin da ya ba shi dariya ya mance da abin da aka faɗa masa bayan dariyar, in kuwa dariyar a kan ƙarya aka gina ta, to, ƙaryar zai tafi da ita gida, ya kuma riƙe ta har girmansa. Saboda haka kafin a rubuta ko da jimla ɗaya ta wasa, a sami mutum guda cikin jama'ar shirin wanda ba shi da wani aiki sai bincike, a ba shi babban littafi mai bango da za a kira littafin hujja, duk abin da za a faɗa a gaban kyamara a rubuta shi a ciki tare da inda aka samo shi. Ga tarihin jihadi, Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahin Gwandu su ne tushe, tun da masu su da idonsu suka ga abin da suka rubuta. Sai Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da littafin Murray Last na 1967 a kan daular Sakkwato. Sakkwato ba ta da nisa, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ce, a can kuwa akwai hukumar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu, da malaman sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda in an je musu da ladabi da tambaya tsararriya ba sa rowar amsa.

Littafi ba ya ɗauke wa mai bincike zuwa wurin tsofaffi. A Kalmalo da Araba da sauran ƙauyukan ƙasar nan akwai dattawan da suka ji daga iyayensu yadda aka yi fatauci da jakuna, da yadda aka fara karɓar jangali, da abin da mutane suka ci a shekarun yunwa, irin wannan kuwa shi ne naman wasan barkwanci, tun da littattafan malamai sun fi kula da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma a bi riwayarsu da irin ihtiyaɗin da malaman isnadi suka koyar: a tambayi dattijo daga wa ya ji, a nemi wani a wani ƙauye a ji ko za su dace, in sun saɓa a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wadda ta fi daɗin ji don daɗinta kawai. Akwai kuma wani abu da ya wajaba mutumin Illela ya kiyaye fiye da mutumin Kano ko Zariya, shi ne cewa a aji ɗaya, kan benci ɗaya, akwai jikan Bagobirin da kakanninsa suka tsaya wa Alƙalawa har ta faɗi a 1808, da jikan Bafillacen da nasa suka bi tuta, da Ba'adare, da Buzu, kowannensu kuma akwai yadda ake ba da labarin a gidansu.

Wannan ya kawo mu ga mas'alar da ta fi kowace nauyi, wato wa za a yi wa dariya. Annabawa da sahabbai ba a ma kawo zancen kwaikwayonsu. Shehu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Bello da 'yarsa Nana Asma'u, a ra'ayina, kada a sa wani ya ɗaura rawani ko lulluɓi ya fito a matsayinsu ko da a wasan da babu raha a cikinsa, domin muru'arsu a zukatan mutane ta fi ƙarfin fuskar ɗan wasan da gobe za a gan shi a tasha yana cin tsire. Sarakunan Gobir ma, Bawa da Nafata da Yunfa, zuriyarsu na nan riƙe da sarauta a Sabon Birni da Tsibiri, mayar da su abin izgili kuwa zalunci ne ga tarihi, kuma tsokanar fitina ce a filin makaranta. Wanda aka ci da yaƙi, da bawan da aka kora kasuwa, da wanda yunwa ta kashe, ba a dariyarsu. Mai karatu zai ce, in an cire waɗannan duka me ya saura? Abin da ya saura shi ne mafi yawan 'yan Adam: mai tsaron ƙofa, da ɗan aike, da dillali, da tafinta, da mai jaki, da uwargida, da almajirin da ya makara, mutanen da babban lamari yakan faɗo musu suna tsakiyar ƙaramin sha'aninsu. Su ake ƙirƙira a sa a bakin ƙofar tarihi, babban mutum yana ciki ba a ganinsa, sai labarin abin da ya yi ke fitowa.

Misali zai fi bayyana wannan. Ya tabbata cewa Sarkin Gobir Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa, Shehu kuwa ya ƙi karɓar tasa, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. A wasa ba za a nuna Shehu ba, ba za a nuna Bawa ba. Za a nuna ma'ajin fada zaune a zaure da ɗan aikensa, an dawo masa da kyautar da ya kwana yana ƙirgawa, shi kuwa tun da ya gaji aikin daga ubansa bai taɓa jin an mayar da kyautar sarki ba, bai san ma ɗakin da ake ajiye irin wannan ba. Ɗan aike yana shiga yana fita, kowace fitowa da buƙata ɗaya daga cikin biyar ɗin, ma'aji yana tambaya ko nawa ce a kuɗi. Kafin wasa ya ƙare yara sun ji buƙatun nan sau biyu ko uku, sun yi dariyar ma'aji, girman wanda ya ƙi dukiya kuwa ya ƙaru a idonsu. Haka za a yi da 'Yan Taru na Nana Asma'u: a nuna jaji, wato shugabar tafiyar, da malfarta ta zo tafiya da mata neman karatu, a bar wani tsoho a gida yana kokawa da muciya da tukunyar tuwo. A nan ma mai littafin hujja yana da magana, domin masu wannan tafiya galibinsu tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, saboda haka matar da za ta tafi ta zama tsohuwa, kada a sa amarya mai goyo don a ƙara armashi.

Akwai kwanakin da raha ba ta shiga cikinsu ko ta bakin ƙofa. Abin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899, bayan ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, kisan gilla ne, kakannin wasu daga cikin masu kallonmu suna cikin waɗanda aka kashe. Haka yaƙin Giginya a ran 15 ga Maris 1903, da Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a watan Yulin wannan shekara, da Satiru a 1906. In shiri ya iso irin waɗannan, a tsai da kiɗa, a sa dattijo ɗaya ya zauna a kan buzu ya faɗi abin da ya faru cikin minti biyu da murya mai natsuwa, sa'an nan a tafi hutun talla kafin a koma wasa. Yara sun fi yadda muke zato gane bambancin wurin dariya da wurin shiru, in dai manya sun nuna musu.

Bayan an sami lamari an kuma san wanda zai ɗauki dariya, sai a nema masa mazubi, mafi sauƙi kuwa shi ne a ari siffar wani abu da yaran yau suka saba gani a zuba tsohon zamani a ciki. Mai karanta labarai zaune a bayan tebur yana sanar da cewa ayarin goro ya iso daga Gwanja, ya kira wakilinsa da ke zango ya yi hira da madugu da jagaba, layin kuma yana katsewa saboda jaki ya yi kuka. Mai talla yana yabon gishirin Bilma kamar yadda ake tallan sabulu. Zauren alƙali, da gasar kacici-kacici, da shirin girke-girke, duk suna karɓar wannan. Sha'anin kuɗi kuwa, tun da Illela garin 'yan canji ne, ba ya ƙarewa: Bature Barth, wanda ya shigo ƙasar Hausa da sunan Abdulkarimu, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500, ana kuma ɗaure wuri 20,000 a keso guda. To, a sa mutum ya zo sayen doki, a zube wuri a tabarma ana ja biyar biyar, duk lokacin da aka kusa gamawa sai wani ya yi sallama a amsa, lissafi ya ɓace a koma farko. Ba sai an je nesa ba ma: har zuwa ran 2 ga Afrilu 1972 direban Nijeriya hannun hagu yake bi, na Nijar hannun dama, wanda ya fito daga Illela zuwa Ƙonni sai ya sauya hannu a bakin iyaka, a Janairun 1973 kuma aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya naira biyu, a sa tsohuwa mai ƙosai ta rantse cewa ita ba a cuce ta da sabon lissafi.

Wasan da nake ganin ya fi cancanta a fara da shi a wannan gari shi ne na ita iyakar kanta, domin yaranmu sun buɗi ido sun gan ta kamar tare aka halicce ta da ƙasa. Abin da ya tabbata shi ne, a 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ke ciki na Ingila, wanda ya sa Ƙonni ta faɗo ɓangaren Ingilishi a takarda. Da Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram sai suka nemi gyara, aka turo layin kudu a yarjejeniyar 1904 da ta 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku 148 tun daga Kwara har Tafkin Cadi. Wannan shi ne abin da ke littafin hujja. Abin da za a ƙaga shi ne manomi ɗaya da ya fito da safe ya tarar ana haƙa rami a gonarsa, ga Nasara biyu suna duban takarda, ga tafinta.

Manomi ya ce, "Malam tafinta, mi Nasaran ga ka gina cikin gonata?"

Tafinta ya ce, "Baba, iyaka ta anka aza. Nan kudu ƙasar Ingilishi, nan arewa ƙasar Faransi."

"To, rijiyata fa?"

"Tana Faransi."

"Jakina?"

"Shina Ingilishi, Baba."

Manomi ya yi shiru, ya dubi jaki, ya dubi rijiya, ya ce, "Ashe wanga jaki kullum sai ya tahi ƙasar waje shan ruwa."

Sai uwargida ta leƙo daga bayan danga da ƙwarya a hannu ta ce, "Malam, rumbu na Faransi, turmi na Ingilishi, wace ƙasa za ni aza tukunya?"

A nan za a yanke, kada a ƙara ko kalma. Mafi yawan sababbin marubuta a nan suke ɓata aikinsu, su ga an yi dariya su so a ƙara, ko su sa wani ya fito ya yi wa'azi a kan sharrin mulkin mallaka, alhali jakin ya riga ya gama wa'azin. Yaron da ya ga an rufe wannan iyaka a 2019, aka buɗe a Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023, ya ji mahaifinsa yana kukan tsadar kaya, ba ya bukatar a fassara masa.

Tun da kowane wasa gauraye yake da abin da ya tabbata da abin da aka ƙaga, wajibi ne a sami mai rarrabe su a gaban yara. A shirin Ingila ɓera ne na tsana yake leƙowa ya ce wannan gaskiya ne. Mu muna da wanda ya fi shi cancanta, wato Dila malamin daji, a ɗinka masa kai da jela, a ba shi allo da tawada, a bayan kowane wasa ya fito cikin daƙiƙa talatin ya ce: turaku 148 gaskiya ne, shekarar gaskiya ce, manomi da jakinsa kuwa mu muka ƙaga su. In an haɗa shi da Gizo, wanda aikinsa ƙari da zuƙi, Dila yana kama shi, an sami wasa a cikin wasa, yara kuma sun fara koyon tambayar da ita ce asalin ilmin tarihi, wato daga ina ka ji. Inda riwayoyi suka saɓa, Dila ya faɗi haka a sarari, ya ce mutanen wuri kaza suna cewa kaza, littafi kaza ya ce kaza.

Game da rubutu, kada wasa ɗaya ya wuce minti uku ko huɗu, shiri duka kuma ya tsaya a wajen minti ashirin. Shekara ɗaya tak a kowane wasa, a faɗe ta da baki a kuma rubuta ta a fuskar talabijin, in ta jihadi ce a haɗa da ta Hijira. A bar 'yan wasa su yi Sakkwatancinsu, da munka da sunka da wanga, domin shi ne harshen yaran Illela da na Ƙonni baki ɗaya, Bakano kuwa zai gane, kamar yadda mu muka daɗe muna gane nasa a finafinai. Barkwancin da ke tsakanin ƙabilu, irin na Gobirawa da Yarbawa ko Fulani da Barebari, taska ce, har hukumar UNESCO ta sa irin na Nijar cikin gadon 'yan Adam a 2014. Amma izninsa tsakanin taubasai yake, talabijin kuwa tana shiga gidan wanda ba taubashi ba, saboda haka in za a yi shi a tabbata kowane ɓangare ya rama kafin wasa ya ƙare. A rufe shiri da waƙa sabuwa wadda aka tsara don shi, mai amshi gajere, a jera sunayen sarakuna ko zangunan fatake a ciki, a sami makaɗin kalangu ko na gurmi na gari ya raka ta.

Kayan sawa ba sa bukatar kuɗi mai yawa, ido suke bukata. Saƙi da bugun shuni da walki da malfa da takalmin fata duk ana samunsu a kasuwar Lahadi ko a aro a gidajen dattawa. Abin da ke tona asiri ƙanana ne: agogo a hannun madugu, silifas na roba a ƙafar dogari, buhun leda a bayan mai gishiri, rufin kwano ko wayar lantarki a saman hoto. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba waɗannan kafin kowace ɗauka. In kuwa da gangan aka sa abin zamani don raha, kamar mai labarai da makirufo a zamanin Bawa, to, a yi shi ƙuru-ƙuru yadda ko ɗan shekara shida zai san wasa ne. Abin da ke cutarwa shi ne kuskuren da ya yi kama da gaskiya.

'Yan wasa manya huɗu ko biyar da za su riƙa sauya kama sun fi taron mutum ashirin, domin yara suna jin daɗin gane cewa ma'ajin ɗazu shi ne tafintan yanzu. In za a sa yara, sai da yardar iyaye a bayyane, kada kuma ɗauka ta ci lokacin boko ko na Islamiyya. Alhamis da yamma takan dace da mafi yawansu. A yi gwaji sau da yawa ba tare da kyamara ba, a bar masu wasa su ƙara nasu, tun da gwanayen barkwancinmu da ka suka saba yi, sai dai a gaya musu tun farko cewa suna, da shekara, da adadi, ba a taɓa su.

Wayar hannu mai kyau a kan maɗauki mai ƙafa uku ta isa ɗaukar hoto. Murya ita ce abin tsoro, don mai kallo yakan haƙura da hoto mai duhu amma ba ya haƙura da maganar da ba ya ji, barkwanci kuwa a kan kalma ɗaya yake tsayawa ko ya faɗi. A sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, a ɓoye shi cikin wuyan taguwa, a lulluɓe kansa da ɗan soso saboda iskar hunturu. A fita tun da hantsi kafin rana ta take, a nisanci babbar hanya da injin niƙa da janareta, ranar Lahadi kuwa a huta, don ba a ɗaukar magana a Illela ranar kasuwa. Kada a ɗaga kyamara kusa da shingen kwastan ko na jami'an shige da fice ba da izni ba, balle a tsallaka Ƙonni da ita. Wasan iyaka a gonar wani a bayan gari za a yi shi, da turken da aka sassaƙa.

In an gama haɗawa, kafin kowa ya gani, a kai wa mutum uku: malamin addini da jama'a suka yarda da shi, da malamin tarihi, da wani dattijo na fada, a zauna tare a kalla, abin da suka ce a cire a cire ba tare da musu ba, ko da shi ne ya fi ba da dariya. Daga nan a nemi gidan talabijin na Rima ko NTA Sakkwato, a kuma bi ƙa'idar hukumar tace finafinai. Amma a sani cewa mafi yawan yaran karkara ta waya shirin zai iso musu, ta hannun masu tura finafinai a bakin kasuwa da ta WhatsApp, saboda haka a yanka kowane wasa shi kaɗai tare da bayanin Dila a manne da shi, yadda ba za a iya tura ɗaya a bar ɗaya ba.

Gwaji na ƙarshe a aji ake yinsa. A nuna wa 'yan aji biyar shirin ba tare da wani bayani ba, a ƙyale su har mako ya zagayo, sa'an nan malaminsu ya tambaye su abin da suka tuna, wani yana gefe yana rubutawa. In sun ce jaki ya tafi ƙasar waje shan ruwa saboda Turawa biyu sun raba ƙasa da turaku, wasa ya yi aikinsa, a bar shi yadda yake. In kuwa jakin kaɗai suka riƙe, ko suka ɗauka manomin nan mutum ne na gaske da za a iya zuwa a ga jikokinsa, a koma a tsawaita fitowar Dila, a matso da shekarar kusa da inda aka yi dariya, a sake nuna shi ga wani aji na wata makaranta wanda bai taɓa gani ba.